Ragowar da Na Bar wa Baba

Ku duka kun tarar da kakanku da wata ɗabi'a. In an ajiye masa abinci ba ya sa hannu sai ya kira ƙaramin yaron da ke kusa ya ce masa, zo ka fara. Kowannenku ya ci wannan loma ta farko. Na kuma san abin da kuka ji ana faɗa a kai. An ce tsoron sammu yake yi. An ce tun da ya dawo daga Ikko bai ƙara yarda da hannun kakarku ba. Ranar sadakar bakwai ɗinsa da kunnena na ji wata cikin dangi tana maimaita wannan magana a bayan ɗaki, Inna kuwa tana zaune a ciki, bango ɗaya ne tsakaninsu. Ban ce komai ba ran nan, don ni tun ina yarinya bakina ba ya buɗewa a cikin mutane. Yanzu da su biyun suka riga mu gidan gaskiya, bari in rubuta muku yadda abin yake. Da farko dai, kakanku bai taɓa zuwa Ikko ba.

A gidanmu na Keffi akwai wata langa mai murfi, fara mai bakin shuɗi, da ɗan tabo a gindi inda fentin ya ɓare. Ita ce kwanon Baba. Inna ce kaɗai ke zubawa a ciki, ta gyara malmala da mara har ta yi sheƙi, ta rufe, ta ɗora faifai. Daga nan babu mai buɗe ta sai shi. Ko ƙanina da ke rarrafe in ya nufi wajen, sai ka ji Inna ta daka tsawa daga madafa. Mu namu shi ne ragowa, kuma ragowar tawa ce, don ni ce mai ɗauko kwanon in ya gama. Baba yana da wani wasa da bai taɓa ambata da baki ba. Yakan bar tuwo kaɗan a gefen dama na langar, ya tura tsokar nama ƙarƙashinsa, ya shafe saman da yatsa kamar babu komai. Ni kuma in kai kwanon bayan randa, in tona, in ci. Bai taɓa tambayata ko na gani ba, ban taɓa yi masa godiya ba. Iyakar hirarmu ke nan, ni da mahaifina, kuma ta ishe mu.

Direban babbar mota ne, yana ɗaukar doya da riɗi zuwa Kaduna ta hanyar Gitata. A shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama, ya fita wata safiya bai dawo ba. Yayansa, Baffa Sule, ya zo ya daɗe a zaure suna magana da Inna ta bayan labule. Da ya tafi sai aka ce mana Baba ya wuce Ikko, mai mota ya aike shi ɗauko sabuwa daga jirgin ruwa, kuma abin jirgi ba a sa masa rana. Na yarda, don ban san manya suna haɗa baki su faɗi abin da ba shi ba. Amma na lura Inna ta daina sa tozali. Na lura ta wanke langar ta kife ta a saman kabad, kuma duk wanda ya yi tafiya ba a kife masa kwano a gidanmu, ajiyewa ake yi a rufe. Na lura maƙwabta in sun shigo suna cewa ya haƙuri, ba sa cewa ya kewa.

Damina ta yi nisa, ciyawa ta cinye filin makarantarmu. A zamanin nan in haka ta faru fursunoni ake kawowa. Gidan yarin garin bai daɗe da barin hannun En'e, wato hukumar sarki, ya koma na gwamnatin tarayya ba, gandirobobi sun samu sabon kaki, amma aikin yankan ciyawa bai canza ba. Suka shigo a jere da lauje da adda, gandiroba ɗaya a gaba ɗaya a baya. Lokacin hutun ƙarfe tara ne, muna waje. Yara suka ruga bakin fili.

"Masu gajeren wando sun zo."

"Fursuna, ya gabza? Ta ƙoshe ka?"

Gabza ita ce abincin gidan yari, kowane yaro a Keffi ya san sunanta ko da bai taɓa ganinta ba. Ni ban yi tsokana ba, ba don kirki ba, don kunya. Na tsaya a bayan ƙawata Rifkatu, idona a ƙasa kamar kullum. Mai yawan sunkuyar da kai da ƙafa yake sanin mutane. Na san malamanmu da takalmansu, na san 'yan unguwarmu da dugadugansu. Haka na riƙa bin ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya, duk babu takalmi, duk sun yi furu-furu, har idona ya faɗa kan wata ƙafa da farcen babban yatsanta ya rabe biyu, rabi baƙi rabi fari. Jak ɗin ɗaga mota ne ya faɗo masa a kai tun kafin a haife ni. Ni nake zuba ruwa a wannan ƙafa in zai yi alwala ya dawo a gajiye. Sai dai yanzu ta kumbura, idon sawun ya ɓace a cikin kumburin, fatar tana ƙyalli kamar an shafa mai.

Na ɗaga ido a hankali. Gwiwoyi na fara gani. Ban taɓa ganin gwiwar mahaifina ba. Mutumin da ko ban ɗaki zai shiga sai da doguwar riga, ga shi a gaban yaran gari da wando iya cinya, kai a aske ƙwal babu hula, ƙasusuwan wuyansa a waje. Ya miƙe zai share gumi, idonsa ya shiga nawa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Sai ya juya mini baya, ya sunkuya, ya ci gaba da sara, yana matsawa har ya kai can ƙarshen fili inda babu ciyawar kirki.

Aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Rifkatu ce ta ja hannuna. Mahaifinta, Kofur Bitrus, gandiroba ne, a barikinsu suke zaune.

"Talatu, wai da gaske ba ki sani ba?"

Na girgiza kai.

"Ai duk bariki an sani. Mai keke ya buge a kwanar Gitata. Mutumin yana bin tsohon hannu da buhu a baya, babanki yana bin sabo. Nan take ya mutu. Alƙali ya ce gudun ya yi yawa, babanki kuma bai musa ba." Ta dubi fuskata, ta rage murya. "Babana ya ce ba ya cin abinci. In an ba shi gabzarsa sai ya miƙa wa na kusa da shi. Disfensa ya ce a riƙa kawo masa na gida, an aika wa danginku, babu wanda ya zo."

Na tarar da Inna tana tankaɗe. Na tsaya a kanta da jakar makaranta a wuya, na daɗe, har ta ɗago.

"Lafiya kika tsaya mini a ka kamar mai bin bashi?"

"Na ga Baba."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta ce a ina ba, ba ta ce ƙarya nake ba. Ta ce, "Ya yake?"

"Ƙafarsa ta kumbura. An ce ba ya cin abinci. An ce an aiko a kai masa."

Ita ma ashe ba ta san wannan ba. Saƙon disfensa a zauren Baffa ya tsaya. Ta sa aka kira shi, kuma wannan karon ba ta tsaya bayan labule ba, ta yafa mayafi ta fito tsakar gida. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ga yayan mijinta ba, ran nan ma ba ta ɗaga ba, amma da ma ta ɗaga ɗin da ya fi sauƙin ji.

"Yaya, an ce an aiko."

"An aiko. Amma ke ma kin ji rantsuwar da ya yi a kotu. Ya ce kada ni in je, kada ke ki je, a ɗauka ya mutu har ranar da zai fito. Ki karya maganar mijinki? Ko ni kike so in tsaya a ƙofar kurkuku da kwano a hannu, duk Keffi na wucewa?"

"In ya mutu da gaske fa?"

"Rai na Allah ne."

"Haka ne. Ya hana ka, ya hana ni. Ya ambaci Talatu?"

Baffa ya dube ni kamar ran nan ya fara ganina. Ya ce in har yarinya mace daga gidan nan ta taka ƙofar gidan yari, to kada a ƙara neman ƙwayar dawa daga rumbunsa. Ya kaɗe rigarsa ya fita, kuma ya cika alkawari. Daga wannan mako Inna ta fara suyar ƙosai, hannunta na dama har ta rasu yana da tabon mai. Kun sha tambayarta, takan ce muku tsautsayi ne.

Washegari ta sauko da langar daga saman kabad. Ta yi tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta sa tsoka ɗaya da ban san inda ta samo ba. Ta gyara malmalar kamar yadda ta saba, ta rufe, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta ɗora mini a ka.

A ƙofar gidan yari na tarar da layin mata da kwanuka, wasu da goyo, wasu sun taho daga ƙauye ƙafafunsu jajawur da laka. Babu mai kallon wata. Ƙofar ƙatuwa ce ta ƙarfe, da wata ƙarama a jikinta da sai an sunkuya ake shiga, kuma duk sanda aka buɗe ta wani wari ke fitowa, na fitsari da dafaffen wake da jikin mutane da yawa. A gefe akwai tebur, Kofur Bitrus na zaune a bayansa. Ɗan ƙabilar Mada ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya gane ni. Ya kwance tsumman, ya cire murfin langar da hannu ɗaya kamar kowane kwano, ya ɗauki cokali ya soka cikin tuwon Inna, ya farfasa shi, ya juya miyar har ƙasa yana neman reza ko allura ko ƙulli. Sai ya turo mini kwanon.

"Yarinya, ka ci."

"Na Baba ne," na ce, da ƙyar ni kaina na ji muryata.

"Na sani. Ka ci dai. Doka ne. Wanda ya kawo shi ne yana fara ci, don kada a sa wa mutum guba a ce mu ne."

Wata tsohuwa a bayana ta taɓa kafaɗata. "Sa hannu, 'yar nan, rana na yi. Mu ma da farko haka muka ji."

Ku da kuka tashi kuna cin kwano ɗaya da iyayenku a kan tebur ba za ku gane ba. Na sa hannu a kwanon mahaifina kafin shi, a bakin titi, a gaban mutane. Na gutsiri ɗan kaɗan na kai baki. Kofur ya jira har na haɗiye, ya ce in buɗe baki ya gani, sannan ya kira wani tsohon fursuna da ake ce wa Maikwano, don aikinsa ke nan, shiga da kwanukan baƙi da fito da su.

Da ya buɗe ƙaramar ƙofar na hango ciki. Tsakar gida ce fetal babu bishiya ko ɗaya. Maza ne tsugune a layi-layi cikin rana, hannuwa a kan gwiwa, ana ƙirga su kamar awaki a kasuwa. Akwai masu furfura a cikinsu. Ba su kalli ƙofar ba, ba su kalli Maikwano ba, kwanon da ke hannunsa suka bi da ido, dukkansu, kai na juyawa tare. Ƙofar ta rufe.

Bai daɗe ba ya dawo da langar. Na buɗe. Tana nan yadda cokalin Kofur ya bar ta, da gurbin yatsuna a gefe.

"Ya ce ba shi da kowa a garin nan," in ji Maikwano.

Na kai wa Inna. Ta duba, ta rufe, ta ce gobe ma rana ce. In ya sake ƙi, in bar wa na ciki, sadaka. Haka muka yi ta yi. Kullum in an tashi makaranta in ɗauka, in bi layi, a farfasa, in ci, a mayar. A makaranta sunana ya koma 'yar gabza, har malamin lissafi ya taɓa kirana da shi bisa kuskure, aji ya fashe da dariya. Rifkatu ce kaɗai ta ci gaba da zama kusa da ni.

Maikwano kuwa mai surutu ne, haƙoransa biyu suka rage a gaba. Yana jiran Kofur ya gama bincike sai ya tsuguna kusa da ni ya yi ta zuba, ni ko tambaya ba na yi. Daga bakinsa na san cewa a ɗakin su Baba ba a kwanciya rigingine, sai a gefe, kowa ƙirjinsa a bayan wani, in ɗaya zai juya sai ya ta da na kusa. Na san bokiti ɗaya ne a kusurwa, sabon zuwa shi ke kwana kusa da shi, shi ke zubarwa da safe. Na san kowane ɗaki yana da sarkinsa da alƙalinsa da limaminsa, duk fursunoni. Na san akwai wani da aka kawo kan zargin satar akuya yana jiran shari'a, har akuyar in tana raye ta ga jikokinta. Na san gabza tuwo ne da ake iya jifan kare da shi, da ruwan miya da in ka leƙa za ka ga fuskarka.

"Ni da na ci ta shekara da shekaru ga ni," ya ce, yana buga cikinsa. "Gabza ba ta kisa, 'yata, sai wanda ya riga ya kashe kansa. Babanki Direba cewa yake mai keken nan yana da 'ya'ya, wa ke zuba musu tuwo? Liman ya yi masa wa'azi, fasto ma da yake zuwa ran Lahadi ya gwada. Ni na ce masa, Direba, in ka mutu mai keke zai tashi ne?"

Wata rana na zo Maikwano bai yi mini wasa ba. Ya ce Baba ya faɗi a wajen ƙirga, an ɗauke shi zuwa ɗakin marasa lafiya, kumburin ya hau har gwiwa. Kofur ya farfasa tuwon a hankali, bai dube ni ba. Ya turo kwanon.

Ban shirya abin da na yi ba. Na dai ga tsokar naman tana yawo a saman miya inda cokali ya tono ta, ba a muhallinta ba. Maimakon in gutsiri kaɗan in janye hannu, sai na tsuguna a gindin teburin na ci sosai, loma bayan loma, daga gefen hagu, mata na kallona. Na tattara sauran tuwon zuwa gefen dama. Na tura tsokar ƙarƙashinsa. Na shafe saman da yatsa har ya yi sumul kamar babu komai.

"Kai, yarinya, ka cinye wa mara lafiya?" in ji Kofur.

Na miƙa wa Maikwano. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi wa baƙo a lokacin.

"Ka ce masa ba kwanonsa ba ne. Talatu ce ta ci ta rage. Ragowa ce."

Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya sunkuya ya shige.

Layi ya ƙare, matan suka watse, inuwar katanga ta tsallaka titi. Kofur ya tura mini benci na ƙi zama. Can ƙofar ta buɗe. Maikwano ya ajiye langar a hannuna, na ji ta yi sauƙi. Shi da bakinsa ba ya hutawa, ran nan sai hanci kawai yake ja. Na cire murfin. An cinye tuwon, an suɗe miyar, saura loma ɗaya a gefen dama, an shafe samanta. Na sa yatsa na tona. Tsokar tana ƙasa.

A nan bakin titi na ci ta, ina kuka, Kofur Bitrus ya juya yana gyara igiyar takalminsa da ba ta kwance ba.

Daga ran nan ya ci. Inna ta ƙara yawan tuwon, don mun ji ba ya ci shi kaɗai, sai ya tara waɗanda ba a kawo musu. Ni dai sharaɗin bai canza ba, sai na ci sosai na rage, in na ɗanɗana kaɗan kwanon dawowa yake. Kumburin ya sauka kafin kaka. Ban ƙara ganin fuskarsa ba sai ranar da ya fito, don bai yarda an kira shi wajen ziyara ba ko sau ɗaya. Bai ƙara riƙe sitiyari ba, ya koma facin taya a bakin tasha. Duk kaka kuma yakan auni dawa ya hau motar Gitata shi kaɗai, ba ya cewa ina za shi, Inna ba ta tambaya. Baffa ya zo yi masa barka da dawowa daga Ikko, Baba ya amsa masa da a'a, daga kurkuku dai, Yaya. Amma maganar Ikko ta riga ta zauna a bakin dangi, ita ce ta iso gare ku.

Ranar da ya dawo, bayan an yi sallar azahar, Inna ta zuba masa a langar, ta gyara malmala, ta rufe, ta ɗora faifai. Babu cokalin kowa a ciki. Ya zauna a tabarmarsa da doguwar riga da hula. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon tuwon. Ina laɓe a bakin madafa, idona a kan ƙafarsa. Sai na ji ya ce, ba tare da ya ɗago ba,

"Talatu. Zo ki fara."